Yadda za ki shirya yaronki ranar gwajin ji idan likita yace za a ba shi melatonin

Iyaye da yawa sai an tura su gwajin ji suke fara sanin cewa wai dole sai yaro yayi barci kafin na'ura ta iya aiki, daga nan sai hankali ya tashi, uwa ta fara tunanin allurar barci irin ta tiyata, maigida kuma ya fara cewa a bari dai yaron ya ƙara wayo ai zai yi magana, dama mu gidanmu ba a magana da wuri. To wannan "a bari ya ƙara wayo" ɗin shi nike so mu rabu da shi, don gwajin bai da zafi ko kaɗan, kuma barcin da ake nema sau da yawa ana samun shi ba sai an kai ga magani mai ƙarfi ba, in dai an shirya yaron yadda ya kamata tun daga gida. Melatonin, wani maganin jawo barci, yana taimakawa, amma rabin aikin ko fiye a hannunki yake ke uwa.

Sunan gwajin ABR, wasu ma'aikatan suna ce mashi BERA, duk abu ɗaya ne. Za a goge goshin yaro da bayan kunnuwanshi a manna wasu 'yan maɓallai masu waya, a sa mashi ɗan abin sauraro mai laushi cikin kunne, na'ura ta riƙa aika ƙara ƙas-ƙas-ƙas, kwamfuta kuma tana ɗaukar amsar da jijiyar ji take aikawa zuwa ƙwaƙwalwa. Ba wuta ake sa mashi ba, maɓallan saurare kawai suke. Matsalar ita ce amsar nan ƙarama ce ƙwarai, motsi kaɗan, tauna, tsotso, kuka, ko yamutsa fuska ma, duk suna fitar da nasu siginar da ke danne ta, kamar mutum ne ke son jin raɗa a tsakiyar kasuwar Mai'aduwa ranar da take ci. Shi yasa ake son barci, kuma ba na minti goma ba, aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa biyu in an haɗa da shiri.

Shi kuma melatonin wani sinadari ne da jikinmu ke yi da kanshi, wani ɗan ƙullutu a tsakiyar ƙwaƙwalwa ke fitar da shi idan duhu yayi, shi ke sanar da jiki cewa dare yayi a kwanta, haske kuma na rage shi. Tun 1958 aka gano shi a Amurka. Wanda ake ba yaro a asibiti irin wannan ɗin ne aka haɗa a kamfani. Ba ya bugar da yaro kamar maganin tiyata, jawo barci yake ga wanda dama ya gaji, kuma dalilin da yasa likitocin kunne suka karkata gare shi shine ba a san shi da danne numfashi ba irin yadda ake tsoro da tsofaffin magungunan barci kamar kuloral haidiret. Amma fa ki riƙe wannan, ba kowane yaro yake kwantarwa ba. Mafi yawa suna barci a gama aiki, wasu kuma su sha su zauna ido ƙyar suna kallon kowa.

Fara da likita, ba da kemis ba

Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ko a fara ganin likitan yara ya tura ku. In kuna Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya wanda muka saba kira FMC, da asibitin mata da yara na Turai Yar'adua, in daga Daura ne sai a fara da asibitin garin a karɓi takardar turawa. Ana kuma tura mutane Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika a Zariya, ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna wadda aikinta kenan. Duk inda aka ce ku je, a kira ko a tura wani ya tambaya tukuna, ana yin ABR na yara a nan, wace rana, nawa ne, kuma me suke ba yaro don yayi barci. Kar a hana yaro barci a kwaso shi tun asuba sannan a iske ba ranar gwajin bace.

Ki tambayi likitan ko lallai ABR ɗin ake buƙata, domin gwajin ji kala-kala ne. Akwai OAE na 'yan mintuna da ake ma jarirai, shiru kawai yake buƙata. Yaro da ya kai wata shida zuwa sama kuma yana zama, akwai wanda ake yi idonshi biyu ana duba ko zai waiga wajen ƙara, wanda ya kai shekara uku ana iya yi mashi ta hanyar wasa. Jariri ɗan ƙasa da wata shida kuwa yawanci ba a ma ba shi komai, a bar shi da 'yar yunwa da gajiya, a ba shi nono a ɗakin gwajin, shikenan yayi barci. Melatonin ya fi shigowa ga waɗanda suka wuce nan, masu rarrafe da masu tafiya da ba za su zauna wuri ɗaya ba, da yaran da ke da jinkirin girma ko galahanga waɗanda ba za su iya bin umarni ba.

A zaman nan ki faɗa mashi komai, kar ki ɓoye don kunya ko don kar a ce an yi sakaci. Ko yaron na da farfaɗiya ko ya taɓa jijjiga, ko yana shan wani magani kullum, ko sikila ne, ko yana minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa cikin barci, ko bakwaini aka haife shi, ko yayi shawara yana jariri, ko yayi sanƙarau ko baƙon dauro ko hangum, ko an yi mashi allurai da yawa irin su gentamaisin. Har maganin gargajiya da ake ɗura mashi ki faɗa. Wasu daga cikin waɗannan su ne ma sanadin rashin jin, wasu kuma su ke sa likita ya canza shawara kan abin da zai ba shi.

Maganar sanƙarau bari in tsaya kanta kaɗan, saboda yankinmu na cikin inda cutar ke yawo lokacin zafi, manya basu manta da annobar 1996 ba. Yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinshi cikin makonnin farko bayan sallama, ko da kin ga kamar yana ji, saboda cikin kunnen na iya fara ƙanƙarewa ya zama ƙashi, in aka makara ko aikin dasa na'urar ji yakan yi wahala. Wannan ba abin da za a ce sai bayan damina ko sai an saida amfanin gona bane.

Maganin da kanshi

In asibitin ne za su ba shi da hannunsu to alhamdulillahi, shine mafi kyau. In kuma rubuta maki aka yi aka ce ki sawo, ki sawo daidai abin da aka rubuta a babban kantin magani mai famasis, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ki tambaya ko mai saurin aiki ne, don akwai wanda aka yi shi ya riƙa narkewa a hankali tsawon dare, wannan ba shi ake so ba a gwajin da ake neman barci cikin rabin awa. Adadin miligiram kuwa likita ke yankewa bisa shekaru da nauyin yaro, kar ki ɗauki na ɗan maƙociya ki ce ai sa'anni ne.

Irin na alawa mai taunawa da ake tallatawa a Instagram da WhatsApp, ni dai ban yarda a ba yaro shi don wannan aikin ba. A Amurka ana saida melatonin ne kamar bitamin ba tare da takardar likita ba, kuma wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta JAMA a 2023 ya auna kala 25 na irin alawar, 22 abin da ke ciki bai yi daidai da abin da aka rubuta a kwalba ba, wani har ya ninka sau uku da ɗori. A can ɗin dai hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta ce rahoton yaran da suka haɗiyi melatonin ya ƙaru da kashi 530 cikin ɗari tsakanin 2012 da 2021, mafi yawa ƙanana ne da suka same shi a gida suka sha ba da sanin kowa ba. A Ingila kuwa sai da takardar likita ake samun shi. Ga kuma maganar jelatin, wani sinadari mai danƙo daga jikin dabba, da ake yin wasu alawowin da shi wanda kan iya zama na alade, mu musulmi sai mun duba.

Don girman Allah kuma kar a haɗa mashi da komai. Ba Piriton, ba Phenergan, ba maganin tari, ba wani jiƙo, wai don barcin yayi nauyi. Phenergan ma an hana ba yaro ɗan ƙasa da shekara biyu saboda yana iya tsaida numfashi, maganin tari mai kodin kuma gwamnati ta haramta shi tun 2018. In kin ba shi wani abu a gida sannan asibiti suka ƙara nasu ba su sani ba, nan ne haɗarin yake.

Kwana biyu kafin ranar

Ki duba lafiyarshi. In yana mura mai ƙarfi, zazzaɓi, tari, ko kunne na zubar da ruwa, a kira asibiti a faɗa masu, wataƙila su ɗaga ranar, domin ruwan da ke taruwa bayan fatar dodon kunne lokacin mura yana sa sakamako ya nuna rashin ji fiye da yadda yake, kuma lokacin hunturu da ƙura wannan ya fi yawa a nan. Dauɗar kunne ma haka, in ta toshe a bar ma'aikaci ya cire, kar ki sa tsinken ashana ko auduga, tura ta ciki kawai za ki yi.

Ki tambaya a fili game da abinci, wannan tambayar na da muhimmanci sosai. In melatonin kaɗai za a ba shi yawanci ba a hana cin abinci. Amma in tsarinsu shine idan bai yi barci ba za su wuce zuwa magani mai ƙarfi a ranar, to za su ce a hana shi abinci na wasu awoyi, kuma awoyin abinci daban na nono daban na ruwa daban. Abin da suka faɗa shi za ki bi, in kuma kin ba shi wani abu cikin tausayi ki faɗa masu gaskiya, don amai cikin barcin magani na iya shiga huhu.

Daren da safiyar, inda aikin yake

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Ki bar shi ya kwanta a makare fiye da yadda ya saba, kamar awa ɗaya ko biyu, a bar shi cikin 'yan uwanshi ana wasa bayan isha'i, sannan ki tashe shi da wuri, in kin tashi sallar asuba ki tashe shi tare da ke kar ki bari ya koma. Ba ana nufin a hana shi barci dare ɗungurungum ba, yaron da gajiya ta wuce misali rigima yake yi ba barci ba. In yana da farfaɗiya kuma kar ki rage mashi barci sai likita ya amince, rashin barci na tayar da ita.

Ki yi mashi wanka ki wanke goshi da bayan kunne da sabulu, kar ki shafa mashi basilin ko man kaɗanya ko hoda a wurin, maɓallan ba sa kama fata mai maiƙo. In mace ce a cire 'yan kunne, kitson da ya rufe bayan kunne a sassauta shi. Ki sa mashi kaya marasa nauyi masu sauƙin cirewa. Ba shayi, ba lemon kwalba mai baƙi, ba cakulan da safen nan, duk suna da abin da ke korar barci.

Sai hanya. Wallahi mota ita ce babbar abokiyar gabar wannan gwajin, daga Daura zuwa Katsina wajen kilomita tamanin ne, Katsina zuwa Kano kuma ya haura ɗari da hamsin, yaron da aka tasa da asuba in ya ji iska da jijjigar mota kafin a kai garin Mashi ya yi nisa a barci, ya iso asibiti garau ya huta. Don haka kar ki tafi ke kaɗai, ki tafi da ƙanwarki ko kakarshi ko babanshi, mutum ɗaya aikinshi kawai ya hana shi barci, a yi mashi wasa, a nuna mashi shanu da manyan motoci ta taga, a goge mashi fuska da tsumma mai sanyi. Kuma kar ki goya shi, na san da wuya, amma goyo barci ne kai tsaye, ki riƙe shi a gaba a zaune. In tafiyar mai nisa ce kuma akwai dangi a garin gara ku kwana can. In an baki zaɓin lokaci ki zaɓi wanda yayi daidai da sa'ar da ya saba barcin rana.

Cikin jaka ki sa zaninshi da ya saba da ƙamshinshi, pampas, kayan canji, abincinshi ko kunu a filas, ruwa, cokali, katin asibiti da na rigakafi, da duk magungunan da yake sha a kwalayensu.

A ɗakin gwaji

Kar ki ba shi maganin a gida ko a mota sai in an ce ki yi haka ƙarara, domin in layi ya ja ko wuta ta ɗauke barcin zai zo ya wuce kafin a kira ku. Yawanci ana ba shi kamar rabin awa kafin a fara. In ƙwaya ce ki tambaya ko za a iya daka ta a sa a cokali ɗaya na ruwa ko kunu, cokali ɗaya fa, kar a zuba a kofi cike ya sha rabi ya bar rabi. In ya tofar ko yayi amai kar ki ƙara da kanki, ki faɗa ma nas.

Ki roƙi a goge fatar a manna maɓallan tun yana farke in zai yarda, saboda gugar na iya tada wanda barcinshi bai yi nauyi ba, wasu ma'aikatan kuma sun fi son sai ya yi barci, ku duba halin yaron ku yanke tare. Ki canza mashi pampas kafin nan. Daga nan sai a rage haske, ki kashe waya gaba ɗaya, ba katun ba TikTok, hasken na korar barcin kuma wayar na iya dama siginar na'urar. Yanzu ne lokacin nono ko kunun in an yarda, yanzu ne lokacin jijjigawa da 'yar waƙar da kika saba yi mashi, in goyon ne ke sa shi barci ki goya shi ki zagaya sannan a sauke a hankali. Ke ma ki kwantar da hankalinki, yaro na jin bugun ƙirjin uwarshi.

Idan barci ya ɗauke shi kar ki yi saurin cewa a fara, a ba shi 'yan mintuna har hannunshi ya saki. Da yawa ana barin shi a cinyarki a yi gwajin, sai ki zauna yadda ba za ki gaji ki motsa ba, kar ki rufe mashi fuska da hijabi ko mayafi, ki riƙa kallon numfashinshi da launin leɓenshi. In ya motsa ki ɗora hannu a bayanshi kawai, ba magana.

In kuma an yi an yi bai yi barci ba, ko ya farka an gama kunne ɗaya, ba laifinki bane kuma ba asara bace, abin da aka samu an samu. Likita ne zai ce ko a ƙara mashi kaɗan, ko a sake rana, ko a koma ga maganin barci na sosai wanda ake yi da na'urar auna iskar jini a yatsa da ma'aikaci a tsaye kanshi. Ki karɓi sabuwar ranar kafin ki bar wurin, mutane da yawa daga nan suke ɓacewa sai bayan shekara biyu a dawo da yaro har yanzu ba baki.

Bayan an gama

Yawancin yara suna farkawa da kansu ko da an ɗan taɓa su. Ki jira ya farka sosai ya sha ruwa kafin ku kama hanya. Zai iya yini da kasala ko ƙyuya, wani ciwon kai ko tashin zuciya kaɗan, barcin daren ma ya ɗan rikice, wannan na wucewa. Kar a ɗora shi a mashin ba riƙo mai kyau, kar a bar shi kusa da ruwa ko murhu ko matakala ranar. In ya ƙi tashi duk yadda aka yi, ko numfashi ya canza, ko jiki ya fito da ƙuraje fuska ta kumbura, a koma asibiti nan take. Ragowar maganin a kulle shi inda yara ba sa kaiwa, kuma kar ya zama abin da za a riƙa ba shi duk daren da yayi rigima, don gwajin aka rubuta shi.

Sakamakon kuma kar ki karɓi takarda kawai ki ninke ki sa a jaka. Ki ce a yi maki bayani da Hausa, kunne ɗaya ne ko biyu, a desibel nawa, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, ya fara amsawa, hirar yau da kullum wajen desibel 60 take don ki samu abin kwatantawa, matsalar ta toshewa ce ko ruwa da ake iya magani ko ta can ciki ce, kuma yaushe za a dawo. Ki ɗauki hoton takardar a waya. Ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce a tantance jariri kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida, don shekarun farko ne ƙwaƙwalwa ke kama harshe. In naki ya wuce haka a fara daga inda ake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara kusan miliyan 34 ke da rashin ji mai nakasarwa, ba ke kaɗai bace. In an ce na'urar ƙara ji a nema mashi da wuri a kuma sa mashi kullum, in an yi maganar dasa na'urar ji ta tiyata a ji sharuɗɗanta da kuɗinta, a tambayi inda ake koyar da magana, kuma duk gidan ku fara koyon maganar hannu tun yanzu, har babanshi da yayyenshi, ba ta hana yaro koyon magana da baki. Idan ya isa shiga makaranta akwai ta kurame a Malumfashi, sai a je a ga malaman a ji shekarun da suke ɗauka da takardun da za a kai.